Ranar da Kaka Ta Ƙi Yin Fushi

Duk lokacin da na buɗe tsohon littafi a laburaren jami'a, ƙanshin takardar kan mayar da ni gidanmu na Wulari, wurin kawuna. Tsohon malamin Turanci ne, kuma akwai wani marubucin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Ireland da yake ƙauna kamar tare suka tashi. Yakan ce shi ma mutumin, koyarwa ya yi kafin ya ajiye alli, kuma duk shaharar da ya samu, labarin mutanen ƙauyensu kawai yake rubutawa.

Wani hutun damina kawu ya mayar da ɗaya daga cikin wasannin marubucin zuwa Hausa. Ni ya ba matsayin 'yar da ta dawo gida daga ƙetaren teku, don ya gaji da ganina ina ɓuya idan an yi baƙi. Kaka ce uwar. Aikinta guda ne: idan na shigo, ta kau da kai, kada ta ce uffan.

Na haddace kowace kalma, har da inda zan ja numfashi. Na san idan aka sauya min ko abu ɗaya, bakina zai mutu a gaban jama'a.

Ranar wasan, bayan la'asar, maƙwabta suka cika tabarmi a gindin darbejiya. Na shigo da akwati. Kaka ta dube ni, ta dubi akwatin, sai ta gyara lafayarta ta miƙe.

"Sannu da hanya, 'yar nan. Yaya gajiya? Yaya mutanen can?"

Kawu ya leƙo daga bayan zanen da muka rataya. "Iya, fushi kike yi da ita fa."

"Fushin zai jira. A gidan wa baƙo ke shigowa ba a ba shi ruwa ba?"

Aka kwashe da dariya. Ta miƙo min kofi. Babu wannan a takardata. Na durƙusa na sha, sai na ji bakina yana cewa, "Lafiya lau, suna gaishe ki." Ta tambayi jirgin ruwa, ta tambayi abincin can, ina ta amsawa da ƙarfi, ban ko nemi kawu da ido ba.

Yanzu shaguna sun cika layinmu, yaran gidan kuma a waya suke kallon wasa. Har yau ba ni da yawan magana, amma tambayar bazata ba ta kashe min baki a aji. Kwanan baya na ga fassarar a jakar kawu. Ya saka gaisuwar kaka a ciki da jan biro.