Kunamar Hannun Inna

Tun hantsi nake zagaye unguwar Iyana Ipaja a Legas kamar zararre. Mahaifiyata, wadda tsufa ya fara taɓa wa tunani, ta fice daga gidanmu na Agege ba wanda ya gani. Ko hotonta babu a wayata, don ba ta yarda a ɗauke ta.

Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Tsohuwa mai hijabi? Ai suna da yawa."

Har na juya, wata Bayarabiya mai gasa masara ta kira ni da Hausa: "Malam, mamanka tana da kunama a hannu?"

Na ce mata eh. Jarfar kunama ce wanzami ya yi mata tun tana budurwa. Ni ne kullum mai cewa, "Inna, rufe hannun nan, mutane na kallo."

Matar ta ce, "Tana bayan rumfata. Ta manta sunanta, amma sau uku tana ba ni labarin kunamar nan."

Na nufi bayan rumfar da sauri. Ni da ta haifa, ban taɓa tambayarta labarin ba.

Ku fa, kun san labarin zanen da ke jikin tsofaffinku?