Naman da Na Datse Na Binne

Ni ɗan mahauci ne, kuma wannan gadon ne ya kashe wa wani bawan Allah karatunsa. Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Shekarun nan na casa'in ina aikin ɗakin tiyata a wani ƙaramin asibiti a Gure, wanke almakashi da dafa allurai. Sai aka turo mana wani likita daga yamma, siriri, marar hayaniya. Wata makaranta a ƙasar waje ta ce za ta ɗauke shi bincike kan ciwon daji, da sharaɗin ya zo da ƙullutun da ya cire wa marasa lafiya kafin damina ta faɗi. Damar ke nan, babu ta biyu.

Ya taɓa yi mini bayani muna cin dabino a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam, ka jefa ƙwallon dabinon nan kan tudun rairayi, ka jefa wani cikin kwari inda ake lambu. Wanne zai tsiro? To haka ciwon nan yake. Naman da ke kewaye da ƙullutu shi ke ba shi hanyar yaɗuwa ko ya hana shi. Shi nake son dubawa."

Na ce, "Haka ne, likita." Wallahi kaina kawai na gyaɗa, hankalina yana kan dabino.

Duk wanda ya yi wa aiki, mata daga Bune, makiyaya daga Gamu, sai ya miƙo mini abin da ya ciro, in sa a kwalbar ruwan magani, in rufe cikin kwali. Ni kuwa da na tashi gaban tebirin babana, ina zan iya ajiye nama da kitse da jijiya suna reto? Sai in ɗauki wuƙa in datse gefe-gefe tas, ya fito sumul kamar ƙoda. Abin da na datse, tunda jikin ɗan Adam ne, in naɗe a ƙyalle in binne bayan katanga da bisimilla. Har yabon kaina nake yi, kai jama'a!

Saura kwana uku motarsa ta tashi ya buɗe kwalin. Ya ɗaga kwalba ɗaya a hasken taga, ya ɗaga ta biyu, ya bi su duka. Ya ce, "Ina naman gefen?"

Na kai shi bayan katanga na nuna masa. Wata bakwai cikin rairayin Gure, me zai rage? Ya tsuguna ya tona da yatsa, ya bari. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ka yi musu sutura, Allah ya ba ka lada."

Bai tafi ba. Ya rubuta wasiƙa neman a ƙara masa lokaci, amsa ba ta zo ba, daga baya muka ji an ba wani gurbin. Ya ci gaba da aiki da mu shekara huɗu, bai ƙara maganar tudu da kwari ba.

Wata rana cikin shekarun nan ya cire wa wata tsohuwa ƙullutu a mama. Na kawo kwalba da sauri, na ce wannan karon ko taɓawa ba zan yi ba.

Bai ko dubi kwalbar ba. Ya ce, "Kai shi bayan katanga, Malam. Duka."