Yatsun Malam Idi

Har gobe ba zan manta da wata Litinin ta cikin damina ba, shekarata ta biyu da kama aiki a wani ƙaramin asibiti a Malanville. Mu ake kira kine. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙashinsa ya karye, idan likita ya gama nasa, mu ke koya masa zama da tsayuwa da tafiya. Amma a bakin mutane sunan aikinmu gashi, ni ma haka nake faɗa don sauƙi.

Malam Idi manomin shinkafa ne daga Garou. Hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, ga ciwon suga, ko allura ka soka masa a ƙafar ba ya ji. Wata guda muna fama har ya fara tsayawa da sanda. Ranar da zai koma gida, ina sauri, na ce wa matarsa Inna Hawa: “A ci gaba da gashi safe da yamma.” Nufina lanƙwasa gwiwa da miƙe ta, yadda ta sha ganin ina yi.

Litinin ɗin aka kawo shi a kan babur, ƙafar naɗe da zane. Warin ne ya fara iso mini. Da na kwance, sai ga fata ta saɓule, yatsu biyu sun yi baƙi.

“Inna, mi kunka yi mishi?”

“Ai kai kac ce a yi gashi, likita. Ruwan zahi da tsumma, sahe da marece, ko rana guda ban hwasa ba. Ina tambaya tai, ya ce bai jin komi, sai in ƙara wuta.”

Na ruga na kira majo, shugaban masu jinya. Ya duba, ya ce a ba shi kwana uku: in baƙin ya haura idon sawu, ƙafar za a yanke. Kwana ukun nan ko abinci bai yi mini daɗi ba. Kowace safiya ina tsaye ana buɗe bandeji, ina kallon layin da majo ya zana da biro a idon sawun, ina roƙon Allah kada baƙin ya ƙetare shi. Inna Hawa kuwa sai godiya take mini, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Bai ƙetare ba. Yatsu biyu aka cire, muka sake koyon tsayuwa daga farko.

Ku da kuka zo bayanmu a aikin nan, ku sani mutanenmu ba sa wasa da maganar likita. Abin da suka ji shi za su yi, da dukkan ƙarfinsu. Tun ranar ban ƙara sallamar kowa da baki kawai ba, sai mai jinyarsa ya yi motsin da hannunsa a gabana.

Malam Idi ya koma gonarsa. Duk sanda ya shigo kasuwa yakan biyo ya gaishe ni, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa don girmamawa. Shi yana dariya, ni idona na kan yatsunsa takwas.