Ajiye, Zan Kira Ka

Shekara ashirin da biyu ke nan tana teburin waya na makarantar firamaren, tun ana juya lamba da yatsa har aka koma wayar intanet. Malamai na kiranta Uwar Waya. Dokarta ɗaya ce: duk wanda ya bugo kan maganar ɗaukar yaro, sai ta ajiye, ta kira lambar da iyaye suka rubuta a fayil. Ko mijinta bai tsira ba, har yakan ce ya auri jami'ar tsaro. Ita dai tun da mai haɗa musu wayar ya nuna mata yadda ake aron lambar mutum a bugo da ita, ta daina yarda da lambar da ke fitowa a allon waya.

Ran nan, ana saura kaɗan a tashi, lambar mahaifiyar wata 'yar aji uku ta fito. Muryar mace ce, tana kuka: baban yarinyar ya yi haɗari, kawunta na bakin ƙofa, a ba shi ita. Lambar daidai take, amma alamar tantancewa da kan fito a gefenta babu. Uwar Waya ta ba da haƙuri, ta ajiye, ta kira. Ba a ɗauka ba.

Shugaban makaranta na tsaye a kanta. Ya ce wannan ai rashin imani ne, mutum na asibiti tana bin takarda. Ya fita fuu. In kuwa gaskiya ne, da wane ido za ta kalli matar? Ta sake kira, shiru. A na uku mahaifiyar ta ɗauka, ƙarar keken ɗinki na tashi. Uwar Waya ta tambaye ta zancen haɗarin da kawun.

"Wane kawu? Anti, ni ba ni da ɗan'uwa namiji. Babanta ga shi nan yana guga."

Ta taga ta hango yarinyar da jaka a baya, shugaba ya riga ya gaya mata labarin ya turo ta, saura taku goma ta kai ƙofa. Ta danna layin maigadi, ta ce ya rufe, yanzu. Kafin sakata ta gama shiga, wata mota da ke jira a bakin ƙofar ta ja.

Da aka kawo yarinyar ofis, fuskarta sharkaf da hawaye, ta ce, "Anti, Babana ya mutu ne?"

Uwar Waya ta miƙa mata wayar, layin gidansu na nan a buɗe. "Ungo, ga shi. Tambaye shi da kanki."