Layar da Yaya Illiya Ya Ba da Aro

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Illiya a Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma har yau ban gama jin haushinsa ba. Na san ba a faɗin haka a kan mamaci. Allah ya jiƙansa, amma sai na faɗa.

Mu mutanen Maraɗi ne, wandunan jins muke sarowa a Xintang, kusa da Guangzhou. A can wani Bafaranshe ya sami Yaya, ma'aikacin wani ƙaramin gidan tarihi da ke yankinsu, kusa da iyakar Jamus. Ya zo a ɗinka masa irin kakin sojojin zamanin da, na Faransawa da na Jamusawa, waɗanda za a sa wa mutum-mutumi don nuni. Yaya na jin Faransanci, sai ya zama tafintansa wurin teloli. Shi kuwa Yaya, in Bature ya yi masa murmushi sau biyu, shi ke nan ya zama ɗan uwa.

Bai ɓoye masa komai ba. Ya ba shi labarin kakanmu, wanda aka kama daga gona aka kai shi yaƙin Faransa da Jamus, ya dawo ba yatsun ƙafa saboda sanyi. Har layar Kaka ya ciro daga wuyansa ya nuna masa. Uwar Kaka ce ta sa malami ya rubuta ta, dukawa suka ɗinke ta da jar fata, ta je yaƙi ta dawo. A gidanmu babban ɗa ke riƙe ta, kuma ba a taɓa buɗe ta ba.

Bafaranshen ya nemi aronta na shekara guda, ya yi alkawarin za a rubuta sunan Kaka a jikin gilashi. Na ce a yi takarda. Yaya ya harare ni ya ce, "Kai dai ba ka yarda da kowa. Mun tafa hannu, mi ya rage?" Haka muke yi a kasuwa, kwantena guda kan tashi a kan kalmar baki, shi ya ɗauka duk duniya haka take.

Shekara ta wuce, ta biyu ta bi ta. Yaya ya kwanta ciwon hanta. A lokacin ne na ga hoton layar a shafin gidan tarihin na intanet. Sun farke fatar da reza, sun baje takardar a ƙarƙashin gilashi. A gefe suka rubuta cewa kayan camfi ne na wani sojan Afirka da ba a san sunansa ba, kyauta daga wani ɗan kasuwa.

A asibiti ya riƙe hannuna ya tambaye ni, "Sun sa sunan Kaka?"

Na ce, "Sun sa, Yaya."

Ya yi hamdala, har da cewa ai ya faɗa mini. Da wannan farin cikin ya tafi, ya bar ni da abin da na gani.

Da yana raye yau, me zai ce? Na san shi, uzuri zai nema musu. Zai ce wataƙila mai rubutu bai gama allon sunan ba. Bara na rubuta musu ina neman ko su maido ta, ko su sa sunan. Suka amsa cikin ladabi cewa kyauta ba ta komawa, gyaran rubutu kuwa sai wanda ya bayar ya sa hannu. Babban ɗan Yaya ya yi aure a bana, ba abin da muka rataya masa a wuya.

Yardarsa da mutane ita kowa ke tunawa a Xintang, ita ce kuma ta raba mu da gadonmu. Jiya na sake buɗe hoton a waya, na ƙara girmansa. A layi na uku, da rubutun ajami, malamin ya rubuta sunan Kaka, wanda aka yi wa layar: Mamman ɗan Hassu. Sunan yana gabansu shekara tara, ba su taɓa neman mai karanta musu ba.