Turbo da Man Kwalba Biyu

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da ranar da aka jawo motata da igiya daga hanyar Jiratawa zuwa cikin Maradi, ina zaune a ciki ina riƙe da sitiyari, zuciyata na tafasa a kan mutumin da bai yi mini laifin komai ba. Shekaru sun shuɗe, motar ma ta daɗe da barin hannuna, amma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ni malamin makaranta ne, a wajenmu lakwal muke ce mata, malamin kuma Mushe, kuma tun ina ƙarami Allah ya jarrabe ni da son ganin abin da ke cikin abu. Rediyon gidanmu da keken ɗinkin mahaifiyata duk sun sha wahala a hannuna. Motata kuwa tsohuwa ce 'yar Jafan, mai shan esansi, wato fetur, shekara tara muna tare ba ta taɓa kunyata ni ba. Wata rana ina kan hanyar Tsibiri sai wata mota da ba ta fi tawa girma ba ta shige ni kamar ina tsaye, tana wani ɗan siririn fito. Da na tambaya aka ce mini turbo ke gare ta. Daga ranar na rasa sukuni. Ba gudun ne ya dame ni ba, don ni ba mai sauri ba ne ko a ƙafa. So nake kawai in san yadda wani ɗan ƙarfe mai kama da dodon koɗi zai mayar da jaki doki.

Na nufi garejin wani dattijo a Sabon Gari. Garejin ba shi da allo, ba shi da rufi, inuwar bishiyar dogon yaro ce kawai da akwatin ƙarfe. Abin da ya mallaka sunansa ne: duk Maradi an san aikin da ya fita daga hannunsa ba ya dawowa. Da wannan sunan yake ci da iyalinsa, don manyan alhazai ma wurinsa suke kawo motocinsu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

“Mushe, mi za ka yi da turbo? Daga gida zuwa lakwal ɗin?”

“Baba, so nike in gani.”

“To, gani na da tsada. Amma zamna in gaya maka.”

Ya bayyana mini cewa turbo iska yake cusa wa inji. In iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, wutar da ke ci a ciki sai ta yi zafin da ƙarfe ba zai iya ɗauka ba. Saboda haka ɗaura turbo shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin shi ne hanyar mai, tun daga tanki har bakin inji. Ni da na zo neman dodon koɗi, sai ga ni ana cire kujerar baya ta motata.

A ƙarƙashin kujerar akwai wani murfi, kuma a ranar na fara sanin cewa famfon mai a cikin tankin yake zaune, a nutse cikin esansi. Shekara tara ina ɗora mutane a kansa ban sani ba. Dattijon ya ciro tsohon, ya ajiye shi kusa da sabon da ya samo. Na juya su, na sake juya su, ban ga wani bambanci ba. Ya ce sabon zai tura kusan ninkin abin da tsohon ke turawa. Ya canja tiyo da mai faɗi, ya sa sabuwar matatar mai, ya ja wa famfon waya mai kauri daga batir, ya canja 'yan bakunan da ke fesa mai cikin inji. Ya kuma ɗaura wani ɗan abu mai siffar ƙoƙo, wanda ya ce aikinsa shi ne ƙara ƙarfin mai duk sa'ad da turbo ya ƙara iska. Mako biyu ina tashi daga makaranta sai gareji. Na yi tambaya har mutanen fadar shayin da ke tsallaken hanya suka fara ce mini mataimakin makanike. Shi dai bai taɓa gajiya da amsa mini ba.

Ranar da ya gama, da kansa ya ja ni gidan mai aka cika tankin har baki. Muka hau hanyar Tsibiri. Da na taka, sai na ji bayana ya manne da kujera, ga ɗan fiton nan da na daɗe ina mafarki yana fitowa daga motata. Na yi ta dariya kamar wanda aka yi wa bushara. Da muka dawo ya dafa ƙofar, ya ce:

“Magana guda, Mushe. Kada ka bari esansi shi sauka ƙasa da rabi. Famfon ga cikin mai shike rayuwa. Ka ji ko?”

Na ce na ji. Na kuwa ji, amma da kunne ɗaya.

Duk wanda ya san Maradi ya san yadda muke shan mai. Ba ma cika tanki sai in tafiya ta kama. Ka tsaya bakin hanya wurin mai tebur, ya ɗauko kwalba biyu, ya ɗora mazurari da ɗan ƙyalle, ya juye maka, ka wuce. Gobe ma haka. Allurar mai ta motata ta daɗe da sanin wurin kwananta, can ƙasa kusa da jan layi, kuma ba ta taɓa barina a hanya ba. Sai na ɗauki gargaɗin dattijon irin maganar masu sana'a ce, wadda suke faɗa don su fita haƙƙi. Cikon farko ya ƙare, na koma wa kwalabena biyu. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ni ne wawan a ɗaure.

Wata Asabar da hantsi gwaggona ta aiko in je Jiratawa in ɗauko mata zogale da tumatir daga garkarta. Na zuba kwalba biyu kamar kullum na kama hanya. Bayan na fita gari na tarar da wata babbar mota cike da buhuna tana tafiyar hawainiya. Na leƙa, hanya fayau. Na taka har ƙasa. Motar ta zabura, na kai tsakiyar babbar motar, sai ta yi wani irin tari, ta saki, ta sake kamawa. Mai hankali da ya ɗaga ƙafa. Ni kuwa son sani ya ce mini ƙara takawa ka ji abin da za ta yi. Na ji wata ƙara a cikin injin kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sannan hayaƙi ya turnuƙe bayana. Da ƙyar na gangara gefen hanya, kusa da wata gonar albasa. Na murɗa makulli, ta yi gurnani ta yi shiru.

Wani mai ɗaukar kaya ne ya taimaka ya jawo ni. Tsawon hanyar nan ina tsara maganganun da zan faɗa, kuma ko sau ɗaya tunanin kwalba bai zo mini ba. Muka iso garejin bayan azahar, fada ta cika. A cikin masu zaune har da wani alhaji ɗan kasuwa, wanda motocinsa na safara duk a hannun dattijon suke, kuma a satin ya kawo wata sabuwa a duba masa. Ban ko yi sallama ba.

“Baba, ga aikinka an maido maka da igiya. Mota shekara tara tana lahiya, ka taɓa ta wata guda ta mutu. In ba ka iya ba, da ka ce ba ka iya ba.”

Dattijon ya dube ni, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce in dawo gobe da safe mu buɗe tare. Alhajin kuwa ya ɗauki kofinsa. Ya shanye shayinsa, ya kira direbansa, aka tayar da motar da ya kawo aka tafi da ita. Na ga hakan da idona, kuma a lokacin har wani daɗi na ji.

Washegari ya fara da buji, wato filogin da ke kunna wuta a cikin inji. Ya ciro ɗaya ya miƙo mini, bakinsa fari fat kamar an shafa masa toka, gefe guda ya narke. Ya ce wannan alamar wutar da ta rasa mai ce. Da aka buɗe kan injin, sai ga fistan guda, ƙarfen da ke hawa da sauka a ciki, da rami a tsakiyarsa, babban yatsana ya shige. Duk da haushin da nake ji, sai da na tsuguna ina mamakin yadda wuta ta huda ƙarfe haka. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, babu mai yoyo. Ya gwada wayar, lafiya lau. Daga nan ya ɗaga kujerar baya, ya buɗe murfin tankin, ya haska mini ciki. Ina iya ganin ƙasan tankin. Ya zuƙe abin da ya rage a cikin butar alwala, bai kai rabinta ba.

“Lita nawa kaz zuba jiya?”

“Biyu.”

“Shekaranjiya hwa?”

Na dubi ɗan man da ke cikin butar. Ya bayyana mini a hankali, yadda ya saba, ba tare da ya ɗaga murya ba. Tsohon famfon kurɓa yake yi, ɗan abin da ke ƙasan tanki ya ishe shi. Sabon kuwa kwankwaɗa yake. Da na taka da ƙarfi, ɗan man ya gudu bayan tanki, famfon ya zuƙi iska, a daidai lokacin da turbo ke cusa wa injin tasa iskar. Tarin da ta yi, roƙona take in ɗaga ƙafa. Abin da na zo nema tun farko ke nan, in fahimci yadda abin yake aiki, kuma a safiyar na fahimce shi sarai. Ban taɓa jin ilimi mai ɗaci irinsa ba.

Na ce masa ya yafe mini. Ya ce ya yafe, ba komai. Amma na san a gaban mutane na yi ɓarnar, don haka na jira la'asar fada ta cika, na tsaya a inda na tsaya jiya, na ɗaga butar na faɗi abin da na yi. Aka yi mini dariya, na kuwa cancanta. Daga nan na tafi har kantin alhajin na maimaita masa. Ya saurare ni da fara'a, ya ce Allah ya kyauta, ya ce ai ya riga ya kai motocinsa wani garejin, kuma ba ya son yawan canje-canje. Na koma sau biyu. Bai dawo da ko ɗaya ba.

Dattijon ya gyara mini injin, na ci gaba da zuwa muna hira har ƙarfinsa ya ƙare ya bar sana'ar. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Ni ne dai duk lokacin da na zo nake ganin filin da motocin alhajin suke tsayawa a dā, babu komai sai ganyen dogon yaro.

Abin da na koya shi ne, in ka canja wa abu ƙarfi, to kai ma sai ka canja hali, in ba haka ba tsohon halinka zai kashe sabon abinka. Na kuma koyi wanda ya fi wannan nauyi: kafin ka buɗe baki a kan mutum, fara leƙa naka tankin. Fistan an samo wani a kasuwa cikin kwana uku. Abin da bakina ya ɗauke wa dattijon nan cikin minti ɗaya, har ya ajiye sana'a ban iya mayar masa ba.