Walimar Bakin Kwata

Gidan da aka kai ni aure a Soron Ɗinki shi ne na ƙarshe a gangaren lungu, don haka duk ruwan wanke-wanken maƙwabta a ƙofarmu yake taruwa. Leda ta toshe kwatar tun kafin zuwana. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, in rana ta take sai warin ya biyo mu har ɗaki. Na ƙone turaren wutar da aka haɗo ni da shi kaf, warin ko gezau.

Surukata Hajiya ta yi wa mazan lungun magana har ta gaji. Kullum amsar ɗaya ce: "In sha Allahu ranar Asabar." Su kuwa majalisarsu tana can saman lungu, inda iska ke kaɗawa.

Wata Alhamis Hajiya ta ce in jiƙa shinkafa, gobe za mu yi waina da miyar taushe mu ciyar da maƙwabta. Ta sa mijina ya gayyato kowa har mai unguwa, in an sauko daga masallaci. Da ya kwaso tabarmi zai shimfiɗa a zaure, sai ta ce, "Zaure da zafi. Kai musu waje, gindin bango."

"Hajiya, bakin kwata ne fa."

"To, ita ma ai maƙwabciyarmu ce."

Muka laɓe bayan ƙofa ni da ita. Maƙwabta suka iso cikin fararen shaddodi, ana ta gaishe-gaishe, aka zauna. Mijina ya jera musu waina da miya. Wani tela ya kai lomar farko baki, ya tsaya, ya dubi sama. Limamin lungu ya jawo hannun riga ya rufe hanci kamar mai goge gumi. Ba wanda ya iya tashi, domin tashi a bar abincin dattijuwa abin kunya ne. Ni dai na toshe bakina da mayafi, hawaye na zuba don dariya.

Can mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Yau kamar iska ta ɗan juyo."

Hajiya ta amsa daga ciki: "Ranka ya daɗe, ba juyowa ta yi ba, a nan take kwana. Ku ci sosai, akwai ƙari. Na yi niyyar kowace Juma'a in dinga yi muku."

Washegari da hantsi ƙarar shebur ta cika lungun. Mazan lungun suka yi ta zaƙulo leda da tsummokara da gwangwanaye, har da wata tsohuwar fanka. Da suka fara jibge baƙin taɓon a gefe wai ya bushe, Hajiya ta leƙo ta tambaya ko a nan za a shimfiɗa tabarmar mako mai zuwa. Nan da nan aka nemo baro aka kwashe. Mu mata muka tara tokar murhu aka barbaɗe wurin, ruwa ya kama hanyarsa.

Mijina ne kawai ya yi asara. Santsi ya kwashe shi ya faɗa kwatar har gwiwa, taɓo ya haɗiye takalminsa ɗaya. Ya shigo yana ɗingishi, uwarsa ta tare shi a zaure da bokiti da sabulun wanki. Dariyar da na yi masa ta sa bai kula ni ba sai bayan Magariba.